Ruwan Da Na Jawo

Ina kwashe shanya ne a bayan gida lokacin da ƙarar ta canza. Rigunan sun sandare don sanyi a kan igiya kamar an sassaƙa su da katako, sai na lanƙwasa kowace a gwiwa kafin ta yarda ta shiga kwando. Mu da muka daɗe a gefen sansanin sojan sama ba ma ɗaga kai don jirgi, kunne ne ke mana aiki. Mun san ƙarar mai tashi da bama-baman gwaji, mun san ta ɗalibin da hannunsa ke rawa, mun san ta wanda ya dawo lafiya yana neman ƙasa. Wannan kuwa ya zo zai sauka sai ya fasa, ya yi sama, ya kewayo. Ya sake zuwa ya sake fasawa.

Maƙwabciyata Zoya ta fito da ludayi a hannu, ko ɗankwali babu. Ta jingina da shinge tana kallon gajimaren da ya sauko har yana neman taɓa turakun lantarki. Ta tambaye ni sau nawa ke nan, na ce biyu.

"To, Allah ya sa malamin ne a kan sitiyari," in ji ta.

Na ukun bai ƙarasa ba. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin takalmana, tagogin layinmu suka amsa gaba ɗaya, dusar ƙanƙarar da ke kan rufin ɗakin kwal ta zubo. Sai shiru, ko kare bai yi haushi ba. Can gabas da filin saukar jirage baƙin hayaƙi ya miƙe ya shige cikin gajimare.

Ranar Laraba ce, a watan Janairun saba'in da huɗu, kuma shi ne jirgi na huɗu da ya faɗi tun da aure ya kawo ni garin. Mun riga mun san abin da ke biyo baya. Za a rufe ƙofar sansani, a yanke wayar tarho, jarida ta fito da labarin noman alkama. Bayan kwana biyar a ƙara kaburbura shida a maƙabartar da ke bayan layin dogo, duka da kwanan wata ɗaya.

Maza biyu gare ni a cikin wannan shingen waya. Mijina Kabdesh direban motar tanka ne, ƙanena Temirtas kuma ɗalibi, yana koyon aikin mai duba taswira ya nuna wa matuƙi hanya. Kabdesh ba ya barin ƙasa. Temirtas kuwa ran Lahadi, bakinsa cike da nama, ya gaya mini ba zai hau jirgi ba sai Juma'a. Don haka na tausaya wa matan wasu, na shiga na ɗora shayi.

Kabdesh bai dawo ba sai washegari da hantsi. Bai cire takalmi a bakin ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya wuce ni, ya ɗaga murfin ramin da muke ajiye dankali, ya fito da kwalabe bakwai, ya kai bayan ɗakin kwal ya tuttule su a cikin dusar ƙanƙara. Ya ɗauko garwayenmu biyu na ƙarfe daga zaure ya binne su a ƙarƙashin tarin kwal. Ya dawo ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya goge. Sannan ya ce, "Kuralai, zauna."

Bayan kwanaki, da kuka ya fara ba ni sarari, abin da ya riƙa dawo mini ba maganar da ya faɗa ba ce. Jerin da ya bi ne. Kwalabe, garwa, sabulu, sannan ƙanena.

* * *

Ni na raini Temirtas, don shekara tara na ba shi. Shi ne mutum na farko daga ƙauyenmu da ya taɓa shiga jirgin sama, kuma da aka turo shi sansanin garin da nake aure, mahaifiyarmu, Apa, ta yanka rago ta ce Allah ya kai ɗanta hannun 'yar'uwarsa.

Duk Lahadi a gidanmu yake cin abinci. Shi da Kabdesh wasan da ke tsakanin mijin ya da ƙanen mata suke yi, ba sa gajiya. Da ya shigo zai fara shinshina iska, ya kira shi Jezde, wato mijin ya.

"Jezde, yau ma kai ka fi jirgin ƙoshi."

"Ci abincinka, ɗan tsako. Sai ka iya bambance arewa da kudu sannan ka yi mini magana."

"Na iya mana. Arewa ita ce inda hancinka ya karkata."

Kabdesh ya jefe shi da hula, ni in raba su da faranti. Temirtas ba ya shan komai sai shayi da madara. Yakan ce mai riƙe da taswirar mutum shida ba shi da izinin ganin abu biyu-biyu.

Abin da yake tsokanar Kabdesh a kai ba sirri ba ne a garin. Jiragen nan suna da wata 'yar tanki da ake cikawa da sipirit zalla, wanda ake fesawa a gilashin gaban matuƙi don kada ƙanƙara ta kama shi a sama. Kabdesh ne ke kai musu shi. A gari kuwa, inda ake shan sa a madadin giya, sunansa farin shayi. Da shi ake samun kwal idan na gwamnati ya makara, da shi mahauci ke tuna cewa akwai sauran cinya a bayan kanta. Lokacin da sanyi ya kama ƙirjin 'yarmu Aijan, kwalba biyu ce ta fito da allurar da aka ce babu ita a duk gundumar. Ban taɓa kiran wannan sata ba. Wanda yake aiki a gidan burodi ya dawo da burodi, wanda yake aiki da jirgi ya dawo da abin jirgi. Haka muka taras.

Garwayen kuma nasu labarin daban ne. Tun hunturun bara Kabdesh ya ce mini injin tankarsa yana yoyo, famfon garejin kuma ya daskare. Don haka duk bayan kwana biyu ko uku nakan tashi da sassafe in fasa ƙanƙarar bakin rijiya, in ja ruwa in cika su, shi kuma ya ɗora a kan katakon da ake ja bisa ƙanƙara ya tafi. Da yamma ya dawo da su babu komai. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wace irin mota ce ke shan garwa biyu a tsakiyar hunturu ba ta taɓa warkewa ba.

Safiyar Larabar nan ma na cika su. Igiyar guga har ta tsaga mini tafin hannu.

* * *

A cikin akwatin ƙarfe suka kawo Temirtas, an like bakinsa da darma. Apa ta yi kwana biyu a jirgin ƙasa kafin ta iso. Ta zauna a gaban akwatin ta ce a buɗe mata ta ga ɗanta, a yi masa wanka kamar ɗan Musulmi. Hafsan da ya rako gawar ya ce doka ta hana. Ta ce to a buɗe wajen fuska kawai. Ya kalli bango. Sojoji biyu suka tsaya a kan akwatin har aka fita da shi, kuma da mutanenmu suka ɗaga shi na ga sun kalli juna, don bai kai nauyin da suka shirya wa ba.

Mun ƙi yarda a sa shi a layin bayan dogo, muka kai shi maƙabartarmu ta kan tudu. Ƙasa ta daskare kamar dutse. Kabdesh ya ƙi barin kowa ya taya shi. Kwana biyu yana ƙona tsofaffin tayoyi a wurin, ya haƙa taki ɗaya, ya sake ƙonawa. Ya dawo gida fuska baƙa, hannuwa duk jini. Mutane suka yi ta cewa ba su taɓa ganin surukin da ya so ƙanen matarsa haka ba. Ni ma na kalli hannuwan, na kawo ruwan ɗumi da man shanu, amma ina shafa masa ina jin kamar hannun baƙo nake riƙe da shi.

Masu bincike suka iso daga babban birni, garin ya koma wani iri. Kowace mata ta share ramin dankalinta. Maza suka daina tsayawa hira a bakin kantin taba. In ka gai da mutum sai ya waiga tukuna ya amsa. Aka ce an ga matar wane ta shiga ofis da takarda, aka ce a'a, mijin wance ne. Zoya, wadda muke miƙa wa juna gishiri ta kan shinge shekara shida, ta fara tambayata abubuwan da ba ta taɓa tambaya ba: ƙarfe nawa Kabdesh ke fita, wa yake taya shi a tanka. Na kasa gane ko don kanta take tambaya ko aiko ta aka yi, sai na riƙa cewa ban sani ba.

A layin burodi na haɗu da Larisa, matar malamin matuƙan da ya mutu tare da su. Ta rame, kwat ɗinta na neman faɗowa daga kafaɗa. Ta zo ta tsaya dab da ni, ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce mijinta ya rubuta takarda sau biyu tun watan Nuwamba cewa ruwan gilashi yana daskarewa a cikin bututu, babu wanda ya amsa masa. Ta ce matar mai karɓar saƙon rediyo ta gaya mata kalmarsa ta ƙarshe. Cewa ya yi ya fesa, gilashin ya koma fari fat, ba ya ganin komai.

"Sipirit ba ya daskarewa," in ji ta. "Ko yaro ya san wannan. Mijinki ne a tanka, ko ba shi ba?"

Matan da ke kusa da ni suka ɗan ja baya. Zoya ce ta juyo ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku matso mana, me kuke gudu? Ke Nina, haƙorin zinaren nan da addu'a kika sa shi, ko da farin shayi?"

Na karɓi burodina na fito. A hanya na cire safar hannu na kalli inda igiya ta tsaga ni. Ya fara warkewa.

* * *

Sati guda ina kallon Kabdesh yana kallona. Ya daina shan komai, ya daina barci sosai. In na ɗauki jaka zan fita sai ya tambayi ina za ni, in na dawo in tarar an taɓa akwatin da nake ajiye ambulan da takardun wasiƙa. Na gane ƙirga su yake yi. Ni kuma nakan bi sawun takalminsa a kan dusar ƙanƙara in ga ko ya je wajen tarin kwal. Apa na ɗaki tana jan carbi a ƙarƙashin bargo, tana sa mana albarka duk lokacin da ɗayanmu ya wuce.

Ran Lahadi da azahar na same shi a ɗakin kwal yana farfasa manyan dunƙule da guduma. Na jawo ƙofa na rufe.

"Injin tankarka ya warke?"

Bai ɗago ba. Ya ce an gyara.

"Yaushe?"

"Kuralai, Apa za ta ji."

"Ruwan da nake ja, ina yake zuwa?"

Ya ajiye gudumar a hankali, ya zauna a kan tarin, daidai inda ya binne garwayen. Ya daɗe yana murza yatsunsa. Da ya fara magana kuma sai ta riƙa zubowa kamar ya gaji da riƙon ta. Ya ce ba shi ya fara ba. Kafin tanka ta iso hannunsa Saje Gavrish mai kula da sito ya riga ya ɗebi nasa da na manya. Shi aikinsa ya cike giɓin da ruwa don sandar awo ta nuna daidai, a ba shi kasonsa. Direban da ya gada ya ƙi yi, aka tura shi wani sansani can arewa inda tofi ke daskarewa kafin ya kai ƙasa. Ya ce da farko garwa ɗaya ce, kuma babu abin da ya faru. Ya ce wataƙila ma ba ruwan ba ne, gajimare ya yi ƙasa ranar, jirgin ya tsufa, ɗalibai suna kuskure kullum. Wa ya sani?

Na ce, "Kai ka sani."

"Wallahi ban taɓa wasa da ran Temirtas ba." Ya ɗago, idanunsa jajur. "Kullum sai na duba allon sunaye. Jirgin da yake ciki shi nake fara cikawa, da sipirit mai kyau, kafin in zuba ruwa a tanka. Kullum. Ranar babu sunansa. Wani yaro ne zazzaɓi ya kama, aka sa shi a madadinsa bayan na riga na wuce."

Ya faɗi wannan ne don in ji sanyi. Ina tsaye ina kallon ƙurar kwal na yawo a cikin hasken da ke shigowa ta tsagar ƙofa.

"Ashe ka san abin da ruwan ke yi," na ce. "Tun da kana zaɓar masa mai kyau."

Na matso kusa da shi, na ƙara da cewa:

"Sauran jiragen fa? Waɗanda ke ciki ba su da yayye?"

Ya rufe fuska da hannuwansa masu miki. Daga cikin tafin hannun ya tambaye ni ko zan kai shi ƙara. Ya ce in na yi, shekara goma sha biyar ce ko bindiga, Gavrish kuwa ko hularsa ba za ta karkace ba. Ya ce in tuna Aijan. Sannan, a hankali, ya ƙara da cewa za su tambayi wanda ke cika garwayen.

Ban san ko gargaɗi yake mini ko barazana ba. Har yau ban sani ba. Shekara bakwai muna kwana a shimfiɗa ɗaya, amma a wannan rana na kasa karanta muryarsa.

* * *

Ban rubuta wa kowa takarda ba. Su suka aiko a kira ni. Da na bi layinmu zuwa ƙofar sansani, labulen kowace taga sai da ya motsa.

Mai binciken manjo ne mai furfura, mai taushin murya. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya zuba mini shayi da kansa, ya yi mini ta'aziyya da harshenmu, kalma uku da ya haddace. Sannan ya buɗe fayil ya tambaye ni ko ƙanena yana shan giya. Na ce bai taɓa ba. Ya ce an shaida masa duk Lahadi yana zuwa wani gida da ba a rasa farin shayi. Na ce gidana ne, kuma madara yake sha. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda, ya rubuta wani abu mai tsawo fiye da abin da na faɗa.

Ya bayyana mini yadda abin yake, a natse, kamar malami. An gwada tankar mijina washegarin haɗarin, an same ta tas, babu ɗigon ruwa. A nan na gane abin da ya riƙe Kabdesh a sansani har hantsi. Manjon ya ce saboda haka hanya biyu ce. Ko a rubuta cewa yanayi ne ya ɓaci matuƙi kuma ya yi kuskure, a sallami iyalai da fansho, sunan yaran ya zauna cikin waɗanda suka mutu a bakin aiki. Ko kuma a buɗe maganar sipirit. In aka buɗe ta, tun da tanka tas take, sai dai a ce mutanen jirgin ne suka shanye nasu suka cika da ruwa. An taɓa ganin haka. Iyalan mashaya kuwa ba a ba su komai, kuma mahaifiyata za ta ji abin da aka rubuta a kan ɗanta.

Ya turo mini takarda mai layi huɗu, cewa ƙanena yana cikin koshin lafiya da natsuwa, kuma ban san wani abu da zai taimaki bincike ba.

Na kalli alƙalamin. Na tuna Larisa da kwat ɗinta, na tuna ɗaliban da nake gani ran Asabar a bakin gidan silima, kunnuwansu ja don sanyi, kowanne da uwar da ta yanka masa rago. Na ji muryata ta fito ƙarama.

"Ni na ja ruwan. Garwa biyu, daga rijiyarmu, safiyar ranar. Tun bara nake ja."

Manjon bai motsa ba. Ya ɗauki murfin alƙalaminsa ya rufe shi, ya ajiye a gefen fayil. Ya kalli taga na ɗan lokaci, sannan ya taɓa kunnensa na hagu da yatsa.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Shekara ashirin ina kusa da injin jirgi, wannan kunnen ya mutu. Me kika ce?"

Na dube shi, ya dube ni. Babu mugunta a fuskarsa, gajiya ce kawai, da wani abu kamar roƙo.

"Kina da ƙaramar yarinya, an ce mini," in ji shi. "Shayinki zai huce."

Na sa hannu. Ban ma karanta layi na huɗun ba.

A bakin ofishin wata baƙar mota na tsaye, but ɗinta a buɗe. Saje Gavrish da direban manjon suna saka wani akwatin katako da aka naɗe da bargon soja, a hankali, kamar masu ɗaukar jariri. Da suka ajiye shi na ji kwalabe sun gaisa a ciki. Gavrish ya hango ni, ya cire hula ya dafe ƙirji, ya ce Temirtas yaron kirki ne, duk sansani an yi rashi.

* * *

Sati uku aka yi ba a tashi jirgi ba, a na huɗu suka ci gaba. Kabdesh ya koma tankarsa. Bai tambaye ni abin da na faɗa a ofis ba, ni ma ban gaya masa ba. Da ya ga kwana uku sun wuce ba a zo kama shi ba, sai ya fara cin abinci. Garwa ba ta sake fita daga gidanmu ba, wannan kam na tabbatar. Amma da sassafe nakan ji wata tana fasa ƙanƙarar rijiya can ƙasan layi, kuma ban taɓa leƙawa in ga ko wace ce ba. Larisa ta kwashe kayanta ta koma garinsu. Ran da za ta tafi ta wuce ni a tasha kamar ba ta taɓa ganina ba.

Sau da yawa na zauna kusa da Apa da niyyar in gaya mata. Sai in ga yadda take bin Kabdesh da ido idan ya shigo, yadda take ajiye masa ɓargon ƙashi a gefen faranti. Ɗa ɗaya ta haifa namiji. Yanzu wannan ne ya rage mata, shi zai haƙa nata kabarin.

Ranar sadakar arba'in gidan ya cika. Dangi sun zo daga ƙauye, maƙwabta suka kawo tebura. An yanka doki, an soya baursak tuli guda, shinkafa da zabibi har da lemon da ba a ganinsa a garin sai a gidan manya. Ban tambayi Kabdesh inda suka fito ba. Wani tsoho da ya iya karatu ya ja labule ya karanta abin da ya sawwaƙa da murya ƙasa-ƙasa, aka shafa.

Bayan an ci, Apa ta sa aka ɗauko mata wani ƙunshi daga ƙasan akwatinta. A al'adarmu kayan mamaci ana ba wa waɗanda suka yi masa wanka. Ta ce tun da an hana ta wanke ɗanta, za ta ba wanda ya haƙa masa makwanci. Ta kwance ƙunshin. Kwat ce ta fatar tumaki, sabuwa fil, an yi mata ado da jan zare a wuya da bakin hannu. Tun kaka take ɗinkinta, ta ce, don ya sa ran da za a ba shi shaidar gama karatu.

"Zo nan, ɗana."

Kabdesh ya ce a ba wani, shi bai cancanta ba. Dattawa suka ce kunya ce, suka tura shi gaba. Apa ta miƙe da ƙyar ta sa masa da hannunta, ta gyara wuyan, ta shafa kafaɗunsa, ta sumbaci goshinsa. Mata suka fara share hawaye. Zoya na bakin ƙofa da tire a hannu, ni take kallo.

Temirtas dogo ne. Hannun rigar ya wuce yatsun Kabdesh ya rufe su ruf.

"Ka ga, ta yi masa yawa," in ji Apa. "Kuralai, ɗauko allura ki kama masa, kada ya fita da ita haka."

Na ɗauko. Na tsaya a gabansa a tsakiyar mutane, na sa allurai uku a baki, na kama hannun dama na naɗe fatar zuwa wuyan hannunsa. Jikinsa na rawa har cikin rigar, allurar ta ƙi zama.

"Tsaya sosai," na ce masa ta gefen baki.

Ya tsaya. Na kafe na dama, na kama na hagu, na haɗa su biyun a gabana ina dubawa kada ɗaya ya fi ɗaya tsawo.